Mai Kakkaɓe Takalma

Tun rasuwar mijinta Otsile, Keneilwe ba ta sake taka masaukin gandun dajin Kalahari ba sai ranar nan. A nan ya saba tsokanarta, yana kiranta Mma, wato uwargida: "Mma, kakkaɓe takalminki kafin ki sa, kunama ba ta san kyakkyawa ba!"

Da dare ya yi aka rufe ƙofar shingen masaukin, ta bar takalmanta a baranda ta kwanta. Kukan diloli ya ɗauke ɗif. Sai ta ji ana buga takalmi da dakali, ƙwas, ƙwas.

"Mai gadi, kai ne?"

"Har yanzu ba kya jin magana, Mma."

Ta fito a guje. Ba kowa, sai kunama tana rarrafe bisa yashi. Ta ɗauki takalmin ta rungume. Da sauran ɗumin hannu a jikinsa.