Wanda Ya Kira Jirgin Ceto

Tun ranar da kamfanin yawon sahara ya raba wa ma'aikata na'urar bin sawu, Malam Gado direba ya ja kunnen ɗansa Shamsu: "Kada ta bar jikinka. Jan maɓallin nan jirgi yake kira." Duk da haka hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Ran Asabar na'urar Shamsu ta yi kiran ceto daga cikin tuddan yashi. Jirgi mai saukar ungulu ya tashi, motoci suka bazu. Na'urar kaɗai aka tsinta. Shamsu kuwa, wanda ya kamata ya zaga hanyar baƙi da ƙafa, yana tanti, zazzaɓi ya kayar da shi. Kafil, Balaraben da ya ɗauki nauyin bizarsu, ya ce khalas, magana ta ƙare: yaron ne zai biya kuɗin ceton, kuma a soke bizarsa.

"Baba, wani ya ce min da Hausa, kwanta, zan zaga maka," in ji Shamsu. "Ban buɗe ido ba."

Ban da Shamsu da mahaifinsa, Hausawa biyu ne a sansanin: Suraj kuku da Ƙasimu mai gadi.

"Baba Gado, ina kan tukunya, baƙi shaida ne," in ji Suraj, yana fere mangwaro.

"Mangwaro a jeji?" in ji Gado.

"Ƙasimu ya ba ni ran Asabar da yamma."

Ƙasimu ya yi dariya. "Haba Malam! A duba tawa na'urar. Ban motsa daga ƙofa ba."

Gado ya roƙi manajan sansanin ya nuna masa taswirar sawun na'urorin. Sawun Shamsu na ta karkace-karkace, daga wannan tsiro zuwa wancan. Ya karɓi na'urar, ya sunsuna igiyarta. Wanda ya tashi kusa da kasuwar dabbobi ta Maigatari, irin Gado, ba ya manta wannan warin.

Ya juyo. "Ƙasimu, taka ba ta motsa ba ko taku ɗaya. Ba ka yi azahar ba? Ba ka zaga bayan gida ba?"

Gado ya ci gaba.

"A ƙofa ka rataye ta, ka tafi dako kasuwar Abu Hamour a cikin gari, ka dawo da mangwaro. Ka san in ba a ga na'urar Shamsu na yawo ba, kafil zai zo ya tarar ba ka nan. Sai ka ce masa ya kwanta, ka ɗauke ta, ka ɗaura a wuyan raƙumin da baƙi ke hawa. Ya yi birgima, ya danne maɓallin, igiya ta kwance."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban san raƙumi zai kira jirgi ba."

Manaja ya kira kafil, aka janye maganar bizar Shamsu. Amma Shamsu ne ya bari na'urar ta bar hannunsa, kuma har yau ba a faɗa wa Gado wanda zai biya kuɗin jirgin ba.