Akwatin Namadi a Tsohon Gidan Auduga

An ɗauke wuta bayan isha'i, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yaya Barira, 'yar baffanmu da ta zo mana daga Gusau, ta ga ƙanwata Uwani tana ɗaukar kanta hoto. Ta miƙa hannu ta karɓe wayar, ta kife ta a cinyarta.

"Ku matso," ta ce. "Ba zan ɗaga murya ba."

Muka matsa, ta fara.

A layinmu akwai wani saurayi, Namadi, ɗan Inna Kande mai ƙosai. Ya iya kwamfuta ƙwarai. Shiru-shiru ne, ga gaisuwa. Kowa sa masa albarka yake.

Kun san intanet ɗin da kuke shiga. To, akwai wani lungu a bayansa da ba a shiga sai da manhaja ta musamman. A can saƙo ba ya tafiya kai tsaye. Sai ya bi ta kwamfutar wani a wata ƙasa, ya faɗa ta wani, ya sake faɗawa ta wani, har sawunsa ya ɓace. Mai shafi bai san baƙonsa ba, baƙo bai san inda shafin yake ba. Akwai masu shiga don su tsira daga azzalumai. Namadi ba don wannan ya shiga ba.

Wasu ɓata-garin masu gyaran waya ne suka same shi a can. Ba su san fuskarsa ba, da sunan Kurege suka san shi. In mace ta kai musu gyara, sai su kwashe hotunan da ke ciki, waɗanda ta ɗauka a ɗakinta don kanta. Suna neman inda za su tara su, maza su riƙa shiga suna kallo, a rubuta sunan mace da unguwarsu a ƙasa. Namadi ya gina musu shafin. Ya toshe duk wata kafa da za a bi a gano shi.

Saura inda zai ajiye injin da zai riƙe shafin. Bai yarda ya sa shi a gidan uwarsa ba. Sai ya tuna da tsohon gidan auduga na bayan gari, wanda aka rufe tun ba a haife mu ba. Ko makiyaya zagaye shi suke yi, wai akwai aljanu a ciki. Ya ce ya samu maigadin da ba ya barci, wato tsoron da mutane ke yi wa wurin. Ya kai wata 'yar kwamfuta mai kama da ƙaramin akwati, ya sa a sito na can ƙarshe, da batir da layin waya. Ya ɗora sola a kan rufi. Ya lulluɓe akwatin da tsofaffin buhuna.

Ranar Juma'a yake zuwa dubawa, da rana tsaka, bayan maza sun tafi masallaci.

Wata Juma'a ya kashe babur daga nesa, ya ƙarasa a ƙafa. Ba iska. Ba kukan tsuntsu. A bakin siton ya tarar da mace a zaune tana kaɗi. Doguwa ce, a zaunen ma kanta ya kusa kai saman ƙofa. Mazarinta na juyawa, amma ba ya ƙara. Ga auduga fara tas a hannunta, a wurin da aka yi shekaru ba a ga auduga ba.

Ya yi sallama. Ba ta amsa ba.

"Iya, zan wuce."

"Kurege," ta ce.

Bakinta bai motsa ba. Daga bayan kunnensa muryar ta fito. Ya waiga, ba kowa. Da ya juyo, idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Dunduniya ce ke kallonsa, yatsun suna baya.

"Akwatinka yana kuka," ta ce. "'Ya'yana ba sa barci."

"Fanka ce a ciki, Iya. Zan canza ta."

"Ba fanka ba ce."

Ta tsayar da mazarin. Sai ya ji. Daga cikin siton, ƙasa-ƙasa, kukan mata ne, irin wanda ake yi da fuska a cikin matashi don kada mutanen gida su ji.

"Ni ban sa hoton kowa ba," ya ce. "Inji kawai nake tsarewa. Ko buɗewa ba na yi."

"Wa ya gina ɗakin?"

Ya kau da kai.

"Wa ya sa masa ƙofa? Wa ke zuwa ya duba ko ƙofar tana nan daram?"

Ya ja da baya.

"Mu ba mu zaɓi ɓuya ba, haka aka halicce mu. Kai an ba ka fuska, an ba ka suna, uwarka tana kiranka ka amsa. Sai ka kwaso ƙazantarka ka zuba a ɗakin 'ya'yana, ka mai da mu masu gadinka."

Ta miƙe. Miƙewar ta daɗe ba ta ƙare ba. Namadi ya zube a ƙasa yana roƙon ta yi masa rai.

"Tashi. Ba zan taɓa lafiyarka ba. Kyauta zan yi maka."

Ta tsinko zare daga mazarin, ta ɗaura masa a wuyan hannu. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Ɓuya kake so. Ga ta nan."

Ya ruga, ko babur ɗin bai waiwaya ba. Ya shiga gida ya tarar da Inna Kande tana surfen wake. Ya yi sallama, ba ta ɗago ba. Ya tsuguna a gabanta ya kira ta. Ya yi ihu. Ya girgiza ƙwaryar da ke gefenta, ta dafe ta ta ce iskar yau da ƙarfi take. Da magariba ta tsaya a ƙofar gida tana tambayar masu wucewa ko sun ga Namadi, shi kuwa yana tsaye dab da kafaɗarta. Ya sa wuƙa a zaren, ya ƙi yankuwa. Ya sa ashana, hannunsa ne ya ƙone.

A nan Uwani ta katse ta. "Yaya, in ba a ganinsa, wa ya ba ki labarin?"

Yaya Barira ta dube ta.

"Shi," ta ce, sannan ta ci gaba.

Wata rana na dawo daga makarantar koyon jinya, na gan shi zaune a gindin famfon layinmu, duk ya yi butu-butu. Na ce, "Namadi, ina ka shiga? Inna ta kusa zaucewa."

Ya ɗago kai a razane. "Ke ma?"

Na ce ni ma me. Sai ya kwashe komai ya faɗa mini. Ya ce ya lura akwai matan da ke kauce masa a hanya, suna kallonsa ido cikin ido. Ya bi sunayensu ya gane. Ba mai ganinsa sai wadda hotonta ke cikin akwatin.

Na tuna kafin salla na kai wayata a canza mata gilashi.

Ban san lokacin da na kwashe shi da mari ba. Hannuna ya same shi sarai. Matan da ke ɗiban ruwa suka ga ina marin iska, suka ja da baya.

Na tuna Hansatu mai ɗinki, da ta rufe shagonta ta bar gari, saboda mazan da ba ta sani ba suna kiran sunanta a kasuwa suna dariya. Ba wanda ya san dalili. Ashe ga dalilin nan, yana gaishe mu kullum da safe.

Ya ce in taimake shi. Na ce ya fara zuwa ya fasa akwatin. Ya je ya farfasa shi da dutse, ya dawo. Zaren na nan.

Na ce, "Hotunan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Waɗanda suka kwafa sun kwafa. Ba yadda zan dawo da su."

"To ni ma ba yadda zan dawo da kai."

"Ki faɗa wa Inna kina ganina. Don Allah, Barira."

"In faɗa, a tambaye ni ta yaya? In tsaya gaban mazan unguwa in ce hotona yana ciki? Kai ka ɓuya, ni in tonu?"

Abu ɗaya na yi, shi ma don tsohuwar ne. Na je na ce mata na yi mafarki ɗanta yana raye, ta riƙa ajiye masa abinci a zaure. Tana ajiyewa. Da safe ta tarar da kwanon wayam, ta ɗauka tana kuka.

A nan Yaya Barira ta tsaya. Ba wadda ta motsa a cikinmu.

"Yanzu yana ina?" na tambaya.

"Yana gari. Yana bin mu da roƙo, mu masu ganinsa. Mun fi yawan da kuke zato, kuma ba mai amsa masa."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"In kun zo Gusau, kada wadda ta bi hanyar gidan auduga ita kaɗai, ko da rana tsaka ne. Matar tana nan, kuma ba ta huce ba. In kuwa wata ta ga saurayi da farin zare a hannu yana kiran sunanta, kada ta tanka masa. Ta zo ta same ni. Ta nuna mini shagon da ta kai gyara, ni zan shiga gaba."