Lamba Ta Bakwai a Bayan Rauta

Wa ya kashe matar nan: wanda ya saci sakamakon gwajin jininta, ko mijin da ya karanta shi a gaban danginta? Injiniya, mai kula da kwamfutocin ɗakin gwajin, bai san amsa ba. Ya dai san ta sha guba, an binne ta jiya, yau ga Sufeto tsaye a kansa a ɗakin gwaji.

"Hedikwatarku ta ce daga nan aka buɗe fayil ɗin marigayiyar, ƙarfe biyu da kwata. Wace kwamfuta?"

"Ranka ya daɗe, duk wanda ya fita ta rautar nan, na'urar da ke raba mana intanet, lamba ɗaya ake gani a waje. Gidan haya ne mai ƙofa ɗaya."

"Ita ba ta san 'yan gidanta ba? Buga min rajistarta."

"Ba zan buga ba. Tsohuwa ce, takan ruɗe."

Ƙarya yake yi. Tun safe ya duba.

Sufeto ya bi su ɗaya ɗaya. Sista tana ɗibar jini a lokacin, mutum shida sun shaida. Manaja, yayan Injiniya ciki ɗaya, ya ce, "Ina waje cikin mota. Tambayi ƙanena." Saura mai rajista, wadda da sunanta aka shiga fayil ɗin.

"Ni da hanyar hedikwata ta yanke min ina tsakiyar aiki?" ta ce cikin kuka. "Injiniya, ba na kira ka na ce gyaranka na banza ne ba?"

Sufeto ya zaro ankwa.

Injiniya ya dube ta. Ya san ciwon rautarsa: ba ta ɗaukar ɓoyayyar hanya biyu zuwa hedikwata lokaci guda, sabuwa takan ture tsohuwa.

"Dakata, ranka ya daɗe. Yankewar nan ce shaidarta. Wani ne ya shigo ya ture ta, da kalmar sirrin da ta manna a jikin allonta. Lambarsa ta cikin gida bakwai."

"Ta wa ce?"

Shi ya saita ta da hannunsa, a kwamfutar yayansa, mutumin da ya saya masa sukundirebansa na farko. Intanet ɗin kuwa har wurin ajiye motoci yake kaiwa.

"Auta," Manaja ya ce a hankali, "mijin abokina ne. Haƙƙinsa ne ya sani."

"An binne ta jiya, Yaya."

Injiniya ya juya ya danna maɓallin buga rajistar. Firinta ta fara jan takarda.