Ƙullin Baba Sallau

Da hantsi famfunan sanyi suka fara gurnani, ruwan hiliyam mai tsananin sanyi ya soma kwarara cikin maganaɗisu mai lamba goma sha tara. Ƙato ne, tsawonsa ya kai tirela, yana kwance a zauren gwaji ƙarƙashin duwatsun Sabon Tsauni. Can sama motocin haya marasa direba suna ta shawagi, ba ruwansu. Injiniya Larai ta tsaya gaban allo tana kallon awon zafi yana sauka, hannunta ɗaya cikin aljihu.

Aikin maganaɗisun shi ne lanƙwasa hanyar ƙwayoyin zarra da ake harbawa cikin dogon bututu, su yi karo, masana su leƙa abin da ke cikinsu. Wayar da aka naɗe a cikinsa, idan ta yi sanyin da ya wuce hankali, lantarki kan bi ta ba turjiya. Amma ko sili ɗaya ya goga ya ɗumama, ƙarfin duka sai ya juye ya zama zafi. Ma'aikata suna kiran wannan zazzaɓi. Ƙarami ba ya kisa, har ma yakan zaunar da wayar daram. Babba kuwa ƙonewa ce.

Mahaifin Larai, Baba Sallau, shi ya naɗa wannan waya da hannunsa shekara arba'in da suka wuce, lokacin da wannan cibiyar bincike ta ɗebo masaƙa saboda yatsunsu sun san jan zare. Ashirin ya naɗa, wannan kaɗai ya rage. In ya faɗi gwajin yau, gidan narka ƙarfe za a kai shi. Shi kuwa tsohon yana gida da ransa, sai dai mantuwa ta cinye shi, ko sunan 'yarsa ba ya riƙewa.

Wata uku baya, da aka buɗe cikin maganaɗisun don gyara, Larai ta tarar da abin da babu shi a zane. A lanƙwasar ƙarshe, an riƙe wayar da ƙullin zaren auduga rinin baba, an kuma bar mata sassauci kamar faɗin yatsa. Na'urar bincike ta haska wurin, ta ce da muryarta mara gishiri, "Baƙon abu. A cire, a ɗaure tam."

Dakta Barau, shugaban gwajin, ya leƙo ya yi dariya. "Aikin mutanen da ke nan, sun ɗauka bargo suke saƙawa. Injiniya, a da lantarki amfiya dubu takwas yake ɗauka, mu dubu goma sha biyu muke so. Waya mai lilo ba za ta kai mu can ba."

Ranar Larai ta tafi gida da hoton ƙullin. "Baba, ka tuna wannan? Me ya sa ka bar shi sako-sako?"

Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Sannu, yarinya. 'Yar gidan wa ce ke?"

Washegari ta sa almakashi ta yanke, ta jefa zaren a aljihu. Hannayen ƙarfe na inji suka ja wayar suka matse. Ta ji zafin abin, amma ta ce wa kanta ilimi ya wuce wurin.

Yanzu ga sanyi ya kai. Dakta Barau ya ɗaga hannu, aka saki wuta. Dubu biyar. Dubu bakwai. Suka haye takwas, wani ya fara tafi, masu gaggawa ba sa rasa abin yi. A dubu tara da ɗari biyu aka ji ƙas, kamar an karya kara. Sai ƙara mai toshe kunne, farin tururi ya turnuƙe rufin zauren, allon ya koma ja.

Sai bayan kwana shida ƙarfen ya huce aka buɗe. A lanƙwasar ƙarshe wayar ta narke ta zama baƙin dunƙule. Na'urar bincike, wadda ta ba da shawarar tun farko, ita ce kuma ta yi bayani ba ko kunya: sanyi ya sa wayar ta tsuke fiye da ƙarfen da ke riƙe da ita, ba ta sami wurin ja ba, ta tsage.

"Allah bai nufa ba," in ji Dakta Barau, yana kallon ƙasa. "Za mu sa inji ya naɗa sabo."

Larai ce ta yanke zaren, ta kuma san ita ta yanke.

Da la'asar ta sami tsohon a tsakar gida kan tabarma. Ta durƙusa, ta fito da zaren nan ta sa masa a tafin hannu. "Baba, na ɓata maka aiki. Ka yafe mini."

Bai gane ta ba. Amma yatsunsa suka kama zaren, suka naɗa shi a kan carbinsa, suka ƙulla, sannan ya zura ɗan yatsa ya sassauta, daidai yadda ta gani a cikin maganaɗisun.

"Ba a jan zare har ƙarshensa, yarinya," ya ce a hankali. "In sanyi ya zo, tsukewa yake yi. Ina da 'ya mai ƙwaƙwalwa, tana makaranta. In ta girma zan koya mata."

Larai ta kifa goshinta a gwiwarsa ta yi kuka, shi kuwa yana shafa kanta yana tambaya wa ya taɓa 'yar mutane.