Ɗaki Ɗaya, Keke Biyu

Ranar da Nunzia ta fara ganin Saverio, ba ta cikin halin ganin kyan kowa. Tana tsaye ne a ofishin tafiye-tafiyen da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta birnin Bari a Italiya, ta dafa tebur, tana ta ƙoƙarin danne muryarta.

"Tun kafin Ista na kama ɗakin nan a jirgin ruwa," ta ce wa matar da ke gaban kwamfuta. "Na faɗa miki mahaifina a keken guragu yake. Kika ce min an gama."

"Riƙe miki aka yi, ba a tabbatar ba," in ji matar, ko kallonta ba ta yi ba. "Kamfanin jirgin ya ce takardar likitan da kika aiko babu hatimi. Yanzu ɗakin yana hannun wani."

"Wane ne wanin?"

"Ni ne wanin," wata murya ta amsa daga bayanta.

Ta waiga a fusace. Wani saurayi ne a keken guragu, mai faɗin kafaɗa, iskar teku duk ta hargitsa masa gashi, ga burodin focaccia a hannunsa ya gatsa rabi.

"Kada ki cinye ni," ya ce yana murmushi. "Ni ma riƙe min aka yi. Tawa takardar akwai hatimi, amma wai sa hannun likitan bai fito sosai ba."

Dariya ta so ƙwace mata, ta haɗiye ta da ƙyar. Ta ɗauki jakarta ta fita. A bakin titi ya cim mata, ya miƙa mata ragowar focacciar.

"Sunana Saverio. Yunwa ce ke ƙara miki masifa, ga alama."

"Ɓarawon ɗaki ne zai ciyar da ni?"

Amma ta karɓa. Kafin su rabu kuma ta ba shi lambarta, wai don su haɗa kai su yaƙi kamfanin.

Mahaifinta, Cosimo, tsohon masunci ne. Duk tsawon rayuwarsa yana cikin ɗan kwale-kwalensa yana kallon manyan jiragen yawon shaƙatawa suna wucewa kamar unguwa guda, yana cewa wata rana shi ma sai ya kalli tekun nan daga sama. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi. Tun daga nan Nunzia da mahaifiyarta Donata ke ɗaga shi, su yi masa wanka, su kwantar. Mutumin da a da dariyarsa ke cika kasuwar kifi, yanzu sai ya wuni a bakin taga bai ce uffan ba. Shi ya sa ta ƙudura sai ta sa shi a jirgin nan.

Sai dai jirgin mai dubban ɗakuna, na masu keke 'yan ƙalilan ne. Sauran duk ƙofarsu ƙunci, keke ba ya shiga, ga tudu a bakin banɗaki, babu ƙarfen dafawa a bango.

Saverio, wanda malamin lissafi ne a wata sakandare, ya san wannan yaƙin tun bayan haɗarin babur ɗin da ya yi yana ɗalibi. Shi ke kiran kamfanin da safe, ita ta kira da rana daga gidan burodin da take aiki. Kullum magana ɗaya: a sa musu kiɗa a kunne har wayar ta yi zafi, a tura su wani sashe, wancan sashen ya ce ba huruminsa ba ne. Wata rana aka nemi awon faɗin keken Baba. Ta auna ta aika. Washegari aka sake nema.

Ta rubuta masa: "Wallahi idan na ƙara jin kiɗan nan zan jefa wayata a teku."

Ya amsa: "Kada ki jefa, Sarauniyar rigima. Ta ina zan riƙa jin muryarki? Ki zo bakin ruwa da yamma, na saya miki soyayyen panzerotto mai cuku a ciki, mu zage su tare."

Ta je. A can ya gaya mata abin da ya gano: biyu daga cikin ɗakunan masu keken an sayar wa masu lafiyar ƙafa ne, don kawai sun fi faɗi.

"Kuma babu wanda ya tambaye su hatimi?" ta ce.

"Hatimi ai na irinmu ne."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa da suka yi kanta saboda tura taya. Shi kuma yana kallonta, har sai da ta sunkuyar da kai.

"Nunzi," ya ce a hankali, "na fara tsoron ranar da za su gyara kuskurensu. Da wane dalili zan riƙa kiranki?"

"Sai ka nemi wani," ta ce.

"Na riga na samu. Ina sonki."

Ba ta ba shi amsa ba sai da ta hau bas. Ta rubuta: "Ni ma, ɓarawon ɗaki. Ni ma."

Ta ɗauka mahaifiyarta ce za ta kawo cikas, domin Donata ta daɗe tana yi mata tallan Gaetano mai kantin magani, wanda ke aiko wa Baba magani har gida da ɗan kwalin alewa a kai. Ashe daga inda ba ta zata ba ne. Ranar Lahadi, suna cin taliya, ta ambaci Saverio da kekensa. Cosimo ya ajiye cokali.

"A'a."

"Baba, ko ganinsa ba ka yi ba."

"Na gan shi. Kullum ina ganinsa a madubi." Ya nuna Donata da hannu. "Dubi bayan uwarki yadda ya ranƙwafe. Dubi hannunki. Kin tura ni bai isa ba, sai ki ƙare rayuwarki kina tura wani? Ina raye ba za a yi ba."

"Shi ba a tura shi, Baba!"

"Kowa haka yake cewa."

Ta tashi daga kan abincin ta shige ɗaki ta yi kukanta. Da wani ne ya faɗi haka, da ta wanke shi tas. Amma me za ta ce wa mutumin da ita ce ke ɗaure masa takalmi?

Ana cikin haka Gaetano ya tsaya a gidan burodin, ya sayi abin da ba ya buƙata, ya jingina da kanta.

"Ashe abokin naki ya gama da ɗakin? 'Yar ƙanwar babata tana aiki a ofishin nan. Jiya ya je ya tabbatar da shi da sunansa, ya biya." Ya girgiza kai kamar mai jaje. "Ke kina ta kiran waya, shi yana ta lallaɓa ki don kada ki riga shi."

Nunzia ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta kira ofishin, matar ta ce eh, ɗakin na Saverio ne yanzu. Nan take ta rubuta masa: "Na ji. Allah ya kai ka lafiya. Da ɗakin kawai kake so, ai ba sai ka haɗa da zuciyata ba."

Ta kashe wayar. Kwana da kwanaki ba ta amsa kiransa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka buga ƙararrawar gidansu. Ta leƙa ta taga, sai ga shi a ƙasa, a gaban matakalar da kekensa ba zai hau ba, yana ɗaga murya duk layin na ji.

"Nunzia! Tun da ba za ki ɗauki waya ba, bari maƙwabta su zama shaida! Wa'adin riƙon ne ya ƙare, za su ba wa wasu mata da miji masu son babban banɗaki. Tawa takardar ce kaɗai suka karɓa bayan na gyara ta. In ban kama ba, duk mun rasa!"

"To ka kama! Sai me?"

"Gado biyu ne a ɗakin! Abokin da zai raka ni ya fasa. Sunan Baba Cosimo na sa a na biyun. Ke da Mama ku ɗauki ɗakin da ke kallonmu, shi ba ya son hatimi!"

Wata tsohuwa da ke shanya a barandarta ta ce, "Ke 'yar nan, sauka mana, ko ni in sauka?"

Ta sauko a guje, ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa.

"Ka yafe min, hasken idona."

"Na yafe, Sarauniyar rigima. Amma ki sani, ki tambaye ni kafin ki yanke min hukunci. Ya yi min zafi."

Cosimo ya ce shi ba zai kwana ɗaki ɗaya da yaron nan ba. Donata kuwa, wadda ta riga ta ji abin da Gaetano ya yi, ta ce masa ko dai ɗakin nan ko bakin taga, ya zaɓa. Ya yi kwana biyu yana gunaguni, sannan ya ce a fito masa da hularsa ta fita.

Ranar shiga jirgi ma ba a bar su sun huta ba. Wani ma'aikaci ya ce doka ba ta yarda masu keke biyu su zauna ɗaki ɗaya ba tare da mai kula ba. Nunzia ta ce ya nuna mata dokar. Ya kira na sama da shi, shi ma ya kira nasa, rana na dukansu a kan gadar shiga, mutane na ratsa su da akwatuna. Daga ƙarshe aka gano babu wata doka irin wannan.

Kwanakin farko Cosimo ko gaisuwar Saverio ba ya amsawa. Nunzia ce ke shiga da safe ta shirya shi. Har ta fara da-na-sanin tafiyar.

Rana ta uku ta ƙwanƙwasa, sai muryar Saverio ta ce, "Je ki wajen karin kumallo, muna zuwa."

"Baba fa?"

"An ce ki je!" in ji Cosimo da kansa.

Ita da mahaifiyarta suka zauna, kofi ya huce a gabansu. Sun daɗe sosai. Nunzia ta miƙe sau biyu, Donata na janyo ta. Can sai ga su. Saverio a gaba, a bayansa Cosimo yana tafe a hankali, yana murza taya da hannunsa mai lafiya, yana ja da ƙafa ɗaya. Rigarsa maɓalli ya saɓa, ya yanke haɓa wajen aski, gumi na zuba. Babu mai tura shi.

"Ni na yi wanka," ya ce wa matarsa, kamar mai shelar ya kamo babban kifi. "Ni kaɗai. Akwai ƙarfe a bango, da kujera. Wannan ja'irin ya nuna min yadda ake zamewa daga gado. Ya bar ni na kusa faɗuwa, ko motsi bai yi ba!"

"Na motsa mana, Baba. Na rufe ido."

Cosimo ya fashe da dariya, irin wadda suka manta sautinta. Donata ta rufe fuska da adiko.

Da yammar ranar ƙarshe Nunzia ta same shi a saman jirgi yana kallon ruwa. Bai juyo ba ya ce, "Ni na mayar da kaina kaya, 'yata, sai na ɗauka kowa ma kaya ne. Ki ce ya turo iyayensa. Kuma ki nemo mai sa min ƙarfen nan a banɗakin gida."

Ta rungume shi ta baya, hawayenta na sauka a kan hularsa.

Aka ɗaura auren da kaka, a ƙaramin cocin unguwar masunta. Abokan Cosimo suka kwanto katakan wani tsohon kwale-kwale suka shimfiɗa a kan matakala. Uba ya shigo da 'yarsa da kansa, tana tafe a gefensa da farar riga, hannunta a kafaɗarsa, har gaban Saverio da ke jira idanunsa sun kaɗa.

Cosimo ya ɗora hannunta a cikin na angon, ya haɗa ya damƙe.

"Ga ta nan, da masifarta da komai. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Ranar da ɗayanku ya gaji, Allah ya ba ɗayan ƙarfi."

Duk cocin ya ɗauka da amin. Saverio ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Kin ji? Babu mayarwa."

"Wa ya ce maka zan koma?" in ji Nunzia, tana dariya tana share hawaye.