Taki Biyar Daga Kamara

Ranar Litinin da hantsi Ntate Mokete, wato Malam Mokete a yarenmu, ya faɗo ofishin 'yan sanda yana ɗaga waya sama.

"Sufeto, ba bincike na zo nema ba. Ɓarauniya za ku kama mini, ga ta nan a ciki."

Sufeto Sekoala ya karɓi wayar. An sace ragon Mokete ne, rago mai ulu da ya zo na ɗaya a gasar gunduma bara. An ɗauke shi ranar Asabar da rana tsaka, lokacin da ƙauyen kaf yake wurin jana'izar baffan Mokete.

Mokete irin mutanen nan namu ne na Lesotho da suka yi shekara ashirin a ramin zinariya a ƙetare, suka dawo da tari da kuma tabbacin cewa sun fi kowa wayewa. Ƙauyensu babu wutar lantarki, amma shi yana da kamara mai cin hasken rana a bangon gidansa, tana kallon garken tumakinsa, duk abin da ta ɗauka kuma sai ya faɗo wayarsa da ƙara. A duk tsawon Asabar ɗin hoton bidiyo ɗaya ta ɗauka: maƙwabciyarsa Mme Manthati, wato Inna Manthati, ta wuce ta bakin ƙofa da igiya a hannu.

"Ina ragon a cikin hoton?" in ji Sufeto.

"Igiyar fa? Ado ta ɗauko ta yi da ita?"

Sufeto ya ɗauki Kofur Molefi, suka hau mota zuwa kan dutse.

Sun tarar da Mme Manthati tana shanya masara. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. Tun jiya matan ƙauyen suka daina amsa gaisuwarta, kuma dagaci ya aiko cewa idan abin ya tabbata za ta bar garin. Ko tashi ba ta yi ba.

"Mme, me ya kai ki gidan Mokete ranar Asabar?"

"Tukunya. Matarsa ce ta aike ni in ɗauko babbar tukunyar ƙarfe, abincin makoki bai isa ba. Da igiyar na ɗaure ta a bayan jaki. Ko da haƙori zan ɗauke ta?"

"Ya ce kamararsa ke kaɗai ta gani."

"To makauniya ce, Ntate. Ni ba zan yi kuka ba, ba zan roƙi kowa ba, kuma ba inda za ni. A nan aka binne mijina. In kuna da ankwa ku saka, amma ku fara tambayar abin nan na bango me ya sa ya ga tsohuwa da igiya bai ga ƙaton rago ba."

Tambayar ta zauna wa Sufeto a rai, domin ita ce tambayarsa tun daga ofis.

A gidan Mokete suka sami ƙanensa Tlali, dogon mutum mai fasassun hannaye, wanda ya yi kiwon tumakin gidan tun yana saurayi. Shi ya kafa kamarar.

"Har ina take gani?" Sufeto ya tambaya.

Mokete ya yi caraf ya amsa: "Har gindin dutsen can! A jikin kwalin an rubuta."

Sufeto ya ce, "Gani daban, farkawa daban, Ntate. Irin wannan barci take yi don kada batir ya ƙare. Sai ta ji ɗumin jiki yana motsi kusa da ita take farkawa ta ɗauka. Kofur, cire rigar sanyinka, ka taho daga can a hankali."

Molefi ya cire yana ƙunƙuni, don watan Yuni tsakiyar hunturu ne a ƙasarmu, sanyinsa a kan dutse ba wasa ba ne. Ya tako. Yana saura taki goma sha ɗaya ya isa bangon wayar Mokete ta yi ƙara. Sufeto ya auna ƙofar garken da ƙafarsa, taki tara ce daga bango.

Mokete ya washe baki. "Ka gani? Duk wanda ya taɓa ƙofar nan sai ta kama shi."

"Ara mini bargonka," in ji Sufeto.

Aka lulluɓe Molefi da bargon ulu mai kauri, aka sa masa hular makiyaya mai rufe fuska da takalman roba har gwiwa. Ya sake takowa. Ya wuce taki goma sha ɗaya, shiru. Ya buɗe ƙofar garken, ya rufe, ya yi 'yar rawa ma, wayar ba ta ce uffan ba. Sai da ya rage taki biyar sannan ta yi ƙara.

Murmushin Mokete ya gudu.

"Bargon ya riƙe ɗumin," in ji Sufeto. "Ragonka kuwa da nasa bargon aka haife shi."

Tlali ya yi dariya. "To ai sai ka kama ƙasar nan gaba ɗaya, Sufeto. Wa ka gani ba bargo?"

"Gaskiyarka. Kowa na da bargo. Ba kowa ne ya san taki biyar ba. Kai ina kake ranar Asabar?"

"Bakin kabari, daga farko har ƙarshe. Baffana ne fa."

Sufeto ya zauna a kan dutse ya shiga jan hotunan wayar baya, baya, har ranar da aka kafa kamarar. Mokete bai taɓa share komai ba, don bai iya ba. Hoton farko Tlali ne cikin riga yana kai da kawo yana ƙirga taki. Hoto na bakwai, washegari, Tlali ne dai, amma cikin bargo da hula, ya ɗage ta daga fuska, ya tsaya dab da kamara yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi yana ƙirga.

"Gwaji ne," in ji Tlali. "Duk mai kafawa yana gwaji."

"Ka gaya wa yayanka sakamakon na biyun?"

Daga bayan katanga sai ga muryar Mme Manthati, wadda ta biyo su ba wanda ya gayyace ta.

"Mokete, gaya masa zancen shebur mana. Ko ni zan faɗa?"

A wurinmu idan an saka mamaci a kabari, mazan dangi ne ke zuba ƙasa ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, ana kiran suna. Ba a tsallake kowa. Mokete ya sunkuyar da kai.

"Bayan na zuba tawa aka kira Tlali sau uku. Muka tsaya da shebur a hannu kusan rabin awa. Da ya zo ya ce cikinsa ne ya murɗa."

"Kuma ka zo ofishina ka ce tsohuwa ce," in ji Sufeto. Ransa ya ɓaci sosai, bai kuma ɓoye ba.

Tlali ya gyara bargonsa a kafaɗa. Ko alamar nadama babu a fuskarsa.

"Ragon yana rugar kan dutse, lafiyarsa ƙalau. Ni na kai shi. Shekara ashirin ina bin tumakin mahaifinmu cikin ƙanƙara, kai kana can. Uwar ragon nan a hannuna aka haife ta. Ka dawo ka ce komai na babba ne, ka karɓi kofin gasa, ka miƙo mini kamara in kafa maka don ka tsare su daga ɓarayi. Ban saci komai ba, nawa na ɗauka."

"Wannan ka faɗa wa alƙali, wataƙila ma ya saurare ka," in ji Sufeto. "Amma kwana biyu kana ji ana kiran matar nan ɓarauniya, ka yi gum. Shi ma naka ne?"

A nan ne kawai Tlali ya kawar da kai. Molefi ya saka masa ankwa, ya ja shi zuwa mota.

Mokete ya matso yana murza hula. "Mme, ki yi haƙuri, na'ura ce ta ruɗe ni."

"Na'ura ba ta je gidan dagaci ba, ƙafarka ce ta je. Da ita za ka koma, gaban kowa, yau."

Ta tako zuwa bangon tana ƙirgawa da ƙarfi, har wayar ta yi ƙara a hannun Mokete. Ta ɗaga fuska ta kalli kamarar ido cikin ido.

"Ɗauke ni da kyau," ta ce. "Gobe ma ta nan zan wuce."