Babu Ɗaki a Makon Bikin Malaga

Ranar Juma'ar da za a buɗe bikin Agusta a Malaga, Candela ta ce "babu ɗaki" ya fi sau arba'in kafin rana ta take. Ɗakuna goma sha ɗaya ne a masaukin babanta, Don Anselmo, kuma tun watan Maris aka kama su kakaf. Waya sai ƙara take, fanka na juya iska mai zafi, ita kuma tana zaune bayan kanta da biro soke a gashinta, ranta a jagule.

Sai ga wani saurayi ya turo ƙofa da kafaɗa, akwati a kowane hannu. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, na biye da shi sun jiƙe sharkaf da gumi.

"Babu ɗaki," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Haba, ko gaisuwa ba za a bari in yi ba?"

Ta ɗago don ta ba shi amsar da ta dace da shi, sai ta tsaya kallonsa. Dogo ne, rana ta dafa fuskarsa, idanunsa sun yi ja don rashin barci, amma dariya ce fal a cikinsu.

Ya ce sunansa Eloy, aikinsa rakiyar baƙi, shi ke zagayawa da su wuraren cin abinci da kiɗa da rawa idan rana ta faɗi. Waɗannan bayin Allah kuma a tashar jirgin ƙasa ya tsince su. Sun biya kuɗin gida ta intanet tun daga ƙasarsu, da suka zo adireshin sai suka tarar da shagon gyaran takalma.

"Na shiga masauki tara," in ji shi. "Ke ce ta goma, kuma ƙafafun tsohuwar nan sun kumbura."

Candela ta dubi ƙafafun, ta yi tsaki, ta zaro makullin ɗakinta na can sama ta ajiye a kan kanta. Makon nan gaba ɗaya a kujerar falon mamanta ta kwana.

Kafin ya fita ya bar mata katin da yake raba wa baƙi. An rubuta kada a fita cin abincin dare kafin ƙarfe tara, bikin rana a tsakiyar gari yake, na dare kuma a babban fili, a hau bas kada a ɓata lokaci neman tasi. Washegari da ya dawo duba tsofaffin, ta miƙa masa katinsa duk ta zane shi da jan biro.

"Gidan abincin nan da ka sa na uku, kifin jiya suke soyawa. Kuma ba ka gaya musu su sa hula su riƙa shan ruwa ba, shi ya sa nake tsince su a bakin ƙofa kamar kayan wanki."

"Malamar makaranta ce ke da?"

"A nan aka haife ni. Kai fa?"

"Ni ma. Amma tunda kin fi ni sanin gari, ba ni lambarki don gyare-gyare."

Ta ba shi, tana ce wa kanta don baƙi ta yi.

Soyayya ta kama su kamar wasa, sai dai lokaci ya ƙi haɗa su. Ita tana buɗe masauki ƙarfe shida na safe, daidai lokacin da shi yake neman makwanci. Idan ya tashi, ita ta gaji liƙis. Ta sa masa suna Jemage, shi kuma yana ce mata Hantsina. Rabin zancensu a waya ne.

"Hantsina, gobe ƙarfe biyar, bakin teku. Zan saya miki kifin sardin gasasshe a tsinke har sai kin ce ya isa."

Ta sa jar rigarta mai ɗigo-ɗigo, ta maƙala fure a gashi, ta zauna a bakin teku awa ɗaya da rabi. Sai saƙo ya shigo.

"Ki yafe ni. Wani cikin baƙina ya ɓatar da fasfo, muna ofishin 'yan sanda."

Karo na biyu ita ce ta fasa, famfon ɗaki na bakwai ya fashe. Karo na uku ya zo, ya zauna, ya kama hannunta, ya fara gaya mata abin da ke ransa, kafin a kawo kofi barci ya kwashe shi a kujera. Ta zauna tana kallonsa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Abin da ya ɓata komai kuwa, da kyakkyawar niyya aka yi shi. Eloy na da shafi a intanet inda dubban baƙi ke karanta shawarwarinsa. Don ya burge ta ya rubuta: "Mai neman Malaga ta gaskiya ya je masaukin Don Anselmo. Lungu ne shiru mai ƙanshin fure, kuma daga rufin gidan ana hango teku."

Cikin mako guda lungun ya daina zama shiru. Ayari-ayari ake zuwa ana danna ƙararrawa, wai a bar su su hau rufi su ɗauki hoto. Samari masu kwalabe a hannu suka mai da dakalin maƙwabta wurin zama, suna waƙa har mutane su kasa barci. Aka fasa tukwanen fure biyu na Doña Angustias, tsohuwar da ta shekara sittin a gidan da ke kallon nasu. Da safe ta tsaya a barandarta ta ɗaga murya yadda duk lungu zai ji.

"Anselmo! Kai da kake ja mana gaba wajen kai ƙarar masu hayaniya, ashe kai ne za ka sayar da mu!"

Don Anselmo ya shigo gida fuska kamar hadari. Shekara ashirin yana shugabantar ƙungiyar unguwa, ba a taɓa nuna shi da yatsa ba.

"Wane ne Eloy?"

"Baba, ba da mugunta ya yi ba."

"Ban tambaye ki mugunta ba. Mutumin da sai rana ta faɗi yake tashi, yana jan mashaya a baya kamar makiyayi, shi za ki kawo mini? Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Ta hau sama ta rubuta wa Eloy saƙo.

"Wa ya aike ka? Ka tambaye ni kafin ka rubuta? Ka zubar wa Baba mutunci a unguwa."

"Hantsina, na goge yanzun nan. So na yi in taimaka."

"Ka goge naka. Na waɗanda suka kwafa fa?"



A wannan tsakanin ne Ramiro ya sami ƙofa. Ɗan aminin babanta ne, yana da kantin magani a bakin titi, ƙarfe takwas ya rufe, ƙarfe goma ya kwanta. Kullum sai ya biyo da alewa ya zauna yana yi wa Don Anselmo bayanin hawan jini. Wata rana ya miƙa wa Candela wayarsa da fuskar tausayi. Hoton Eloy ne a filin biki yana rawa da wata baƙuwa mai jan gashi, su biyu suna ta dariya.

"Ba don in ɓata miki rai ba," in ji Ramiro. "Kuma na ji ya ajiye aikinsa. Irinsu ai da zafi ya wuce sai su bi baƙi gaba."

Ba rawar ce ta ƙona mata rai ba, ta san aikinsa ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yana da ƙarfin yi wa baƙuwa dariya, ita kuma barci yake kawo mata. Ga shi har zai bar gari, sai a bakin mai kantin magani za ta ji. Ta rubuta masa, "Allah ya kiyaye hanya," ta kashe wayar. Kwana tara tana gyaran gadaje da ƙarfi kamar su suka yi mata laifi.

Ranar Alhamis ta farko a Satumba aka yi taron unguwa a zauren bayan coci. Mutum kusan hamsin, kowa da fushinsa, har an fara cewa Don Anselmo ya sauka daga shugabanci. Candela na zaune a baya kusa da mamanta, Doña Remedios, sai ta ga Eloy ya miƙe daga wani lungu cikin farar riga da aka goge.

"Ni ne na rubuta," ya ce. "Don Anselmo bai sani ba, 'yarsa ma ba ta sani ba. Duk wanda ke da zagi, ga ni."

Suka ba shi kuwa. Doña Angustias ita kaɗai ta yi minti goma, ta kira shi sakarai, ta kira shi ɗan talla, ta tambayi ko uwarsa ta san abin da yake yi. Ya tsaya ya shanye, kunnuwansa sun yi ja. Da ta gaji ya ce ya bi shafuka goma sha huɗu da suka kwafi rubutun, tara sun cire, sauran yana kan bin su. Tukwanenta kuma suna bakin ƙofarta, sababbi, ya dasa furen da hannunsa.

"Ba kalar nawa ba ce," in ji tsohuwar. Amma ta zauna.

A waje Candela ta tare shi.

"Na ji za ka bar gari."

"In je ina? Aikin dare na bari. Na fara na safe, kasuwa da tsohon gari, ƙarfe tara zuwa ɗaya. Abin da ake samu bai kai rabin wancan ba, amma zan iya kallonki idona biyu. Saƙo talatin na tura miki."

"Wayar a kashe take."

"Na lura."

Ta kai masa duka a kafaɗa, sannan ta fashe da kuka a kan farar rigar.

Duk da haka Don Anselmo bai sauko ba. Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce. Eloy ya zo gaisuwa sau huɗu, sau huɗu ana ce masa mai gida na barci, alhali ana jiyo tarinsa daga tsakar gida. Ramiro dai Candela ta sallame shi da kanta, ta ce ya kai alewarsa inda ake so. Amma ta rame, ta daina waƙa idan tana shanya, abu kaɗan ta yi faɗa.

Ranar wata Lahadi suna cin abincin rana, Doña Remedios ta ajiye cokali.

"Anselmo, lokacin da kake nemana, mene ne aikinka?"

"Remedios, muna cin abinci."

"Jita kake kaɗawa a mashaya har gari ya waye. Babana ya watsa maka ruwan wanke-wanke daga baranda, ka dawo washegari da rigar ba ta bushe ba. Yaron nan ya tsaya gaban mutum hamsin ya wanke ka. Kai gaban mutum nawa ka taɓa tsayawa domina?"

Candela ta saki baki, ba ta taɓa jin zancen jita ba. Don Anselmo ya daɗe yana juya miya a kwano.

"Ya zo ranar Lahadi," ya ce can. "Ƙarfe biyu. In ya makara da minti ɗaya, shi ke nan."

Tun ɗaya da rabi Eloy na tsaye a bakin ƙofa. Aka ci, aka sha, tsohon ya yi masa tambayoyi kamar alƙali, daga ƙarshe ya kafa sharaɗi biyu: sunan lungun nan ba zai ƙara fita daga alƙalaminsa ba, kuma ba za a yi biki a lokacin zafi ba, don ba shi da ɗakin saukar da dangin kowa.

A watan Fabrairu aka ɗaura auren a cocin unguwa, gari ya yi sanyi, baƙi sun tafi. Don Anselmo ya rufe masaukin kwana uku, abin da bai taɓa yi ba tun da ya gaje shi. Doña Angustias ce a layin gaba, ta fi kowa kuka. Da suka fito ana watsa musu shinkafa, Eloy ya sunkuya ya raɗa wa amaryarsa, "Hantsina, yau ba ni da baƙo ko ɗaya." Ta ce, "Ka kuskura ka yi barci ka gani."

A wajen walima Don Anselmo ya miƙe zai yi jawabi. Sai ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa.

"Allah ya zaunar da ku lafiya," ya ce. "Ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da wannan."

Zauren ya amsa da amin da dariya, Doña Remedios ta jawo mijinta tsakiyar fili, aka buɗe rawa.